Ilimin Zama Ɗan Ƙasa a Ajin Manya: A Bi Darasi a Allo, Ko a Ɗauki Aiki a Unguwa?

Wata malama da ke kula da ajin matan aure a Islamiyyar unguwarsu ta tare ni da tambaya bayan an tashi daga wani taro. Ɗalibanta ashirin da bakwai ne, suna zama Asabar da Lahadi bayan Azahar, sun riga sun iya haɗa baƙi da wasali, yanzu kuma an ce ta ƙara musu da ilimin zama ɗan ƙasa. Ta ce, "Malam, wasu sun ce in bi littafi babi-babi, wasu kuma sun ce in bar su su zaɓi wata matsala ta unguwa su bi ta har ƙarshe. Wanne zan ɗauka?" Ban iya ba ta amsa a tsaye ba, domin na shekara da shekaru ina koyarwa a ajin yaƙi da jahilci na maza, na gwada hanyoyin biyu, kowacce ta yi mini rana, kowacce kuma na ga inda take gazawa.

Hanya ta farko ita ce wadda muka gada. Malam ya tsaya gaban allo ya ce yau rassan gwamnati uku, gobe haƙƙoƙin ɗan ƙasa, jibi zaɓe. Ɗalibai su saurara, su maimaita, su kwafa a littafi. Zan kira ta hanyar darasi. Ta biyu kuwa, wadda zan kira hanyar aiki, ba ta farawa da babi. Ɗalibai ne za su zauna su fitar da wani abu guda da ya dame su, su binciko wanda alhakinsa ke wuyansa, su rubuta takarda, su kai, su bibiya, su dawo aji su faɗi abin da suka tarar. Karatun doka da rubutu da lissafi duk a cikin wannan tafiya suke shigowa, a daidai lokacin da aka buƙace su. Masana tarbiyya kan danganta tsara ta ga wani Ba'amurke, William Kilpatrick, almajirin masanin falsafar ilimi John Dewey, wanda ya yi rubutu a kanta a 1918. Amma Bahaushe bai jira shi ba. Ba a taɓa koya wa yaro ƙira ko ɗinki da alli ba. Zuga-zugi ake miƙa masa, ko a zaunar da shi a kan keke.

Zan fara da hanyar darasi, domin a 'yan shekarun nan masu shirya bita sun mai da ita abin kushewa, ni kuwa ban yarda da hakan ba. Akwai ilimin da babu wani aikin unguwa da zai sa mutum ya gano shi da kansa, sai dai ranar da masifa ta faɗa masa. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama, a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, idan babu, cikin kwana biyu, in dai ba laifin da hukuncinsa kisa ake zarginsa da shi ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana a kama wani a madadin wani, wato ba a tafiya da uba don an rasa ɗansa, ko mata don mijinta ya gudu. Sashe na 69 da na 110 sun ba masu zaɓe ikon yi wa ɗan majalisa kiranye idan fiye da rabin masu rijista a mazaɓarsa sun sa hannu, sannan aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi. Sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomi 774. Waɗannan abubuwa faɗa ake yi. Malamin da ya sani zai gama su cikin minti ashirin, kuma ya ceci wani daga kwana a caji ofis ba gaira ba dalili.

Sannan hanyar darasi ta dace da yadda manyanmu suka san neman ilimi. Magidancin da ya ajiye girmansa ya zo ya zauna a benci bayan sallar Isha'i, ya zo ne ya ɗauki karatu, kamar yadda ake ɗauka a zaure. Idan ranar farko ka ce masa, "Baba, ku ne za ku faɗa mini abin da za mu yi," zai iya ɗauka ba ka da abin bayarwa. Tun ƙarni na sha tara, jaji, wato malamai mata da Nana Asma'u ta horar, suke zagaya ƙauyuka da waƙoƙin da suka haddace, suna karantar da mata 'yan taru, ilimin kuma ya zauna. Yaƙi da jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya jagoranta a Jihar Arewa, shi ma da allo da ƙananan littattafan da ake bugawa a Zariya ya yi aikinsa, iyayenmu da yawa kuma ta nan suka iya karanta jarida. Ga sauƙin kashe kuɗi: allo, alli, tabarma. Malami ɗaya zai riƙe mutum arba'in. Wanda bai zo jiya ba zai fahimci na yau, tunda kowane darasi a tsaye yake da ƙafarsa. Idan kuma ajinku yana ƙarƙashin hukumar ilimin manya ta jiha, irin wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, ko yana bin manhajar hukumar tarayya da aka kafa a 1990, to akwai jarrabawa da takardar shaida a gaba, darasi ne kuma yake kai mutum ga cin su kai tsaye.

Inda na fara shakkar wannan hanya shi ne kan wani ɗalibina, tela, wanda babu kamarsa a aji. Ka tambaye shi babi na huɗu na tsarin mulki, zai jero maka haƙƙoƙin ba tuntuɓe. Wata rana aka zo neman ƙaninsa kan rigimar bashi, ba a same shi ba, aka tafi da shi. Ya kwana biyu, aka karɓi kuɗi kafin a sake shi. Da ya dawo na ce, "Malam, ba ka san beli kyauta ne ba, kuma ba a kama wani don wani?" Ya ce, "Na sani sarai. Amma da na ga kaki, bakina ya mutu. Ban san wa zan faɗa wa ba, ban san da wace kalma zan fara ba." Wannan magana ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ilimin yana nan a littafinsa, amma bai taɓa tsayawa gaban mai iko ya yi magana a matsayin mai haƙƙi ba, ko sau ɗaya, ko a gwaji. Na koya masa abin da doka ta ce, ban koya masa yadda ake buɗe baki ba.

Haka abin yake a faɗin ƙasa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rijista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce kimanin miliyan 25 ba. Ba don ba su ji a rediyo cewa ƙuri'arka 'yancinka ba ne. Sun ji har sun gaji. Abin da mutane suka rasa shi ne ganin zaren da ya haɗa ƙuri'a da kwatar ƙofar gidansu. Shi ya sa za ka ga an tafi wurin sanata neman kwalbati, an kuma tafi wurin kansila neman gudummawar suna. Darasi kan rassan gwamnati uku ba ya warware wannan ruɗani, balle a ce mutumin ya wuni a kasuwa ko a kan adaidaita sahu, ya zo yana gyangyaɗi.

Bari in ba da labarin aikin da ya sauya mini ra'ayi, da ɗan tsawo, domin sai an ga cikinsa ake gane abin da hanyar ke bayarwa.

Ajin na magidanta ne ashirin da 'yan kai, duk 'yan unguwa ɗaya. Zama biyu muka yi ana gardama a kan matsaloli uku: taransifoma da ta ƙone, matasa masu shaye-shaye a wani kango, da magudanar ruwa da ta toshe, wadda duk damina take tura ruwa cikin gidaje. Maganar shaye-shaye muka ajiye ta, domin tana iya jawo gaba tsakanin maƙwabta, har da sara. Kan taransifoma na tsaya na yi bayani cewa tun 2013 rarraba wuta ya koma hannun kamfanoni, don haka ciyaman ba shi ne mai ita ba. Wasu a ranar suka fara jin haka. Aka ɗaga hannu, magudana ta yi rinjaye. Masu taransifoma suka ɓata rai, ɗaya har ya ce ba zai sake zuwa ba. Aka lallashe shi, aka yi alkawarin tasa ce ta gaba. Ban rubuta kalmar dimokuraɗiyya a allo ba a wannan dare, amma kowa ya ɗanɗana yadda faɗuwa zaɓe take, da yadda ake zama da wanda ya kayar da kai.

Mako na gaba muka fita da tef. Akwai birkila a cikinmu, wanda a aji ba ya cewa uffan saboda karatunsa na baya-baya. A bakin magudana shi ya zama malami, shi ke faɗin tsawo da zurfi, da yawan bulo da siminti da gyaran kwalbatin zai ci. Aka ƙirga gidajen da ruwa ke shiga. Aka zana taswirar layin a ƙasa da tsinke, sannan aka mayar da ita takarda. Lissafin tarawa da ninkawa da muka yi wata biyu muna fama da shi, a nan ya zauna. Sai tambaya ta taso da kanta: wa ke da alhakin wannan magudana? A nan na yi musu darasi na gaske, a allo, kan jadawali na huɗu na tsarin mulki, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, kwashe shara, titunan cikin gari da magudanan ruwa, sanya wa tituna suna, har da sa hannu a ilimin firamare da ilimin manya. Wannan darasi na sha yin sa a baya ana hamma. Ran nan sai da aka ce in maimaita, kuma kowa ya kwafa ba tare da na ce a kwafa ba.

Takardar koke ta ci mana zama huɗu. Kowa ya rubuta nasa jimla biyu, aka karanta, aka tace. An yi muhawara mai zafi kan kalma ɗaya: a ce "muna roƙo" ko a ce "muna tunatarwa"? Wani dattijo ya ce ba a shiga gidan manya da gadara. Wani matashi ya ce ba sadaka muke nema ba. Aka tsaya a kan "muna tunatar da ku cikin girmamawa". A ganina duk ilimin zama ɗan ƙasa yana cikin wannan gardama tasu. Masu iya sa hannu suka sa, sauran suka dangwala. Kafin mu nufi sakatariya sai da muka je wurin mai unguwa, muka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da 'ya'yanka suke shirin yi, mun zo ka sa albarka." Ya sa, ya kuma haɗa mu da kansila. Na dage a kan abu guda: a tafi da kwafi biyu, a sa akawu ya buga hatimi da kwanan wata a kan namu. Mutum huɗu suka tafi, ni ban bi su ba. Sau uku suka koma kafin su ga wanda ya dace.

Ba a gina mana sabuwar magudana ba. An turo tifa ta kwashe abin da aka yashe, mu kuma muka yi aikin gayya muka yashe. Kwalbatin ya daɗe a karye bayan nan. Amma yayin yasar ne suka ga cewa abin da ya toshe ta ledoji ne da tokar gidajenmu, sai maganar ta juyo kanmu. Na karanta musu sashe na 24, mai magana kan nauyin da ke kan ɗan ƙasa, babu wanda ya musa. Da a allo na fara da cewa ku daina zuba shara a kwata, da wa'azi ne kawai za su ji. Kuma telan nan yana cikin mutum huɗun da suka je sakatariya. Shi ya yi magana.

Irin wannan ba a wurinmu aka fara ganinsa ba. A 1957, a tsibirin Johns da ke jihar Karolaina ta Kudu a Amurka, lokacin da ake hana baƙar fata rijistar zaɓe sai sun ci gwajin karatu, Esau Jenkins da Septima Clark suka buɗe ajin manya a bayan wani kanti. Malamar da suka ɗauka, Bernice Robinson, mai gyaran gashi ce, ba ta taɓa koyarwa ba. Ta tambayi ɗalibanta goma sha huɗu abin da suke so su iya: rubuta sunansu, cike takardar aika kuɗi, karanta wasiƙar 'ya'yansu. Ta haɗa wannan da bitar sassan dokar da za a tambaye su a ofishin rijista, aikin ajin kuma shi ne kowa ya je ya yi rijistar ya dawo da katinsa. Daga wannan ɗaki tsarin ya bazu a kudancin Amurka. Abin lura gare mu shi ne ba ta watsar da bita da maimaici ba. Ta ɗaura su ne a jikin wani abu da mutum zai tashi ya je ya yi.

To amma duk wanda zai ɗauki hanyar aiki, ya san tana da ƙaya, kuma ƙayar ta fi ta darasi tsini.

Babbar ita ce siyasa. Ranar da ajinka ya kai takarda sakatariya, wani zai ce 'yan adawa ne suka turo ku. Idan kai malami ne mai karɓar ɗan alawus daga hukuma, ana iya tsayar da shi ba tare da an faɗa maka dalili ba. Paulo Freire, wanda a 1963 ya koya wa ma'aikata kimanin 300 karatu a garin Angicos na ƙasar Burazil ta hanyar tattauna rayuwarsu, bayan juyin mulkin 1964 sai da aka ɗaure shi, sannan ya yi gudun hijira. Namu bai kai nan ba, amma sojojin baka na iya ɗaukar sunan ajinku su kai gidan rediyo, ko dai su yabe ku don su soki ciyaman, ko su zage ku don su kare shi, duka biyun kuma ɓarna ne. Dokokina uku ne: ba a shiga aji da hular jam'iyya, ba a karɓar kuɗin ɗan takara ko na mota ne, ba a kuma fara aikin da ya shafi ofis idan kakar zaɓe ta kama.

Ta biyu, aikin da ya faɗi ya fi rashin aiki illa. Na taɓa barin wani aji ya ɗauki maganar titin da ya haɗa garinsu da babbar hanya. Titin na gwamnatin jiha ne, kuɗinsa ya fi ƙarfin duk wanda za mu iya gani. Wata huɗu muna rubutu, ko amsa ba mu samu ba. Abin da suka tashi da shi shi ne, "Ai dama mun faɗa maka, Malam, ƙasar nan sai mai uwa a gindin murhu." Na tura su su koyi cewa suna da murya, suka dawo da tabbacin ba su da ita, kuma laifina ne da ban hana su ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsu ba. Ana iya kawo labarin Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta Zamfara, inda gubar dalma da aka gano a yankin a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara, matasa suka bi sawun kuɗin tsabtace garin har gwamnatin tarayya ta sake su a farkon 2013. Gaskiya ne, bibiya tana aiki. Amma su suna da intanet, da 'yan jarida, da ƙungiyoyin duniya a bayansu. Ajin dare na mutum ashirin ya fara da abin da zai iya ganin ƙarshensa cikin wata biyu ko uku.

Sauran matsalolin ƙanana ne amma kullum suna nan. Mutum uku masu baki da ɗan karatu za su kwashe aikin duka, sauran su zama 'yan rakiya, sai malam ya raba aiki da suna, ya kuma juya shi. Akwai kuɗin mota da na hoton takardu, wanda in ba a yi karo-karo tun farko ba, aljihun malam zai koma. Damina ta faɗi manoma su ɓace, azumi ya zo a ɗaga zama, aikin da aka yanke a tsakiya kuwa da wuya ya sake tashi. Sannan magudana ba za ta koya wa kowa bambancin kotun majistare da babbar kotu ba, ko yadda ƙudiri ke zama doka; aiki yana shiga zurfi a wuri ɗaya, ya bar fili mai faɗi ba a taɓa ba. Shi kansa malamin, dole ya san ƙofofin ofisoshi, ya kuma iya cewa "ban sani ba, mu bincika" a gaban dattawa ba tare da ya ji girmansa ya zube ba. Ba kowane malami ne ya kai nan ba, musamman sabo.

Don haka ga yadda nake auna zaɓin. Idan zangon bai kai wata uku ba, ko ɗalibai sun haura arba'in, ko daga unguwanni daban-daban suke, ko malamin sabon hannu ne, ko garin yana cikin rashin tsaro inda tara mutane da yawo da takarda ke jawo ido, a ɗauki hanyar darasi ba tare da jin an gaza ba. Sai dai a rage jero sunaye, a ƙara gwaji. Kowane darasi ya ƙare da ɗan wasan kwaikwayo: wannan ya zama ɗan sanda, wancan ya zama wanda aka zo kamawa a madadin ƙaninsa, a maimaita har kalmomin su saba da baki. Malam Aminu Kano tun yana malamin makaranta yake amfani da wasan kwaikwayo wajen wayar da kai, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da na yi wa telana wannan tun farko, da wataƙila bai biya ko sisi ba.

Idan kuwa akwai wata shida ko fiye, mutum goma sha biyar zuwa ashirin da biyar da matsala ɗaya ta haɗa, da malamin da unguwa ta san shi, to hanyar aiki ta fi, nesa ba kusa ba. Amma ban taɓa ganin ta yi kyau ita kaɗai ba. A kowane zama a ware minti goma sha biyar ko ashirin na darasi tsantsa, rabi kan abin da aikin ya taso da shi, rabi kan abin da ba zai taɓa tasowa da shi ba, kamar sashe na 35 da tsarin kotuna. Aji na biyu ko na uku, waɗanda suka riga suka ga hatimi a kan takardarsu, su ne za a gwada da babban aiki. Misali, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tambayar nawa ya shigo kuma me aka yi da shi ta zama tambayar da ajin manya zai iya bi, tunda ana wallafa kason kowace ƙaramar hukuma. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, ta kuma yarda wanda bai iya rubutu ba ya nema ta hannun wani. Wannan sashe kamar don ɗalibanmu aka rubuta shi, amma ba aikin 'yan farko ba ne.

Ajin mata yana da nasa hukunci, kuma a nan na fi daɗewa da Malama. Matan Arewa sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, har yau kuma da yawa daga ɗalibanta ba za su je sakatariya ba sai da izinin maigida, wasu ko da izinin ba za su so ba. Wannan bai hana hanyar aiki ba, ya dai sauya irin aikin. Ana iya duba wace ce ta yi aure ta baro mazaɓarsu, katin zaɓenta yana can garin iyayenta, a bi hanyar mayar da shi rumfar da ke kusa idan hukumar zaɓe ta buɗe rijista. Ana iya binciken ko akwai uwa a kwamitin kula da makarantar firamaren unguwa, in babu a tsayar da ɗaya. Ana iya rubuta ranakun da asibitin sha-ka-tafi ke yin awo da rigakafi, a gayyato jami'ar lafiya ta zo aji ta amsa tambayoyi, maimakon su su je. A kuma sanar da mazaje da limamin unguwa tun kafin a fara, da bakin Malama, kada su ji a bakin wani.

Da ta lissafa mini halin ajinta, na ga tana da wata takwas a gaba, matan duk 'yan layi uku ne, ita kuma a unguwar aka haife ta. Na ce ta ɗauki hanyar aiki, ta fara da takardar haihuwa, wadda hukumar ƙidaya ta ƙasa ke bayarwa. Babu ɗan siyasar da zai ji an taɓa shi, babu maigidan da zai ƙi, kowace uwa kuma ta san ranar da za a nemi takardar wajen sa yaro makaranta. A ciki za su rubuta sunayen 'ya'yansu da hannunsu, su lissafa shekaru, su cike fom, su san bambancin hukumar tarayya da ta ƙaramar hukuma, su kuma tura wakilai biyu su yi magana da jami'i. Ta ce, "To Malam, ranar Asabar da me zan fara?" Na ce ta raba musu takarda, kowacce ta rubuta sunayen 'ya'yanta a jere, ta sa alama a gaban wanda ba shi da takardar, sannan a haɗa jimla a allo kowa ya gani.